Kwantaccen Cikin Hansai

Bana shekara goma sha biyu ke nan da aka kai ƙanwata Hansai makwancinta a Maska. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, amma abin da idona ya gani babu malamin da zai gyara mini shi.

Kwanan baya na ji a rediyo wai gwamnati ta ware kuɗi don matan da ke jiran aikin mahaifa su daina daɗewa a layi. Ina kaɗi, sai na ajiye mazarin na yi tagumi.

Hansai ba ta taɓa haihuwa ba. Da cikinta ya fara tasowa, ga jini ya ƙi tsayawa, muka hau motar auduga zuwa Funtua, daga can aka tura mu babban asibiti. Likita ya ce ƙari ne a mahaifa, aiki za a yi a cire. Ranar ta yarda. Sai dai likitan ɗaya ne, mata kuwa har bakin ƙofa. Aka ce mu dawo bayan damina. Muka dawo, aka ce sai bayan Salla.

Cikin wannan jiran gari ya yi mata nasa duban. Tsofaffi suka ce kwantaccen ciki ne, irin mai yin barci shekaru kafin ya motsa. A gidan biki sai ka ji, “Sannu da nauyi, Hansai.” Tunda ta yi aure ba a taɓa yi mata wannan gaisuwar ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama.

Da layinta ya zo, na je ɗaukarta. Ta dafa cikin ta ce, “Yaya, sun bar mu tare har na saba da shi. Ba zan kai shi a yanka ba.” Jini ya ƙarar da ita kafin kaka ta zagayo.

Da tana raye ta ji zancen rediyon nan, na san dariya za ta yi, ta tambaya ko kuɗin sun san hanyar Maska. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Mu dai mun dafa, romon ne ba mu gani ba.

Abin da ya rage nata shi ne majanyin da ta saya a kasuwar Funtua tana jiran naƙuda. Ya goyi ’ya’yan unguwa har ya mutu a bayan mata. Allah Ya jiƙanta. Kuɗin nan kuwa, in da gaske ne, su iso tun mace ba ta shiga kasuwa neman majanyi ba.