Lemon Tsami a Kan Lamba

Shekarar da aka buɗe makarantar 'yan mata kusa da gidanmu a unguwar Nuzla, nan ƙasa mai tsarki, sharaɗin shiga ɗaya ne: yarinya ta nuna lamba a damtsenta, wato tabon rigakafin agana. Wadda agana ta riga ta kama kaɗai aka ɗauke wa. Ni kuwa ba ni da zance sai na makarantar nan, har an gaji da ni a gida.

Baba ya kai ni asibiti, aka tsaga min damtse aka ɗiga magani. Muna dawowa, Kaka, mahaifiyarsa, ta ja ni bayan randa. Ta yanka lemon tsami ta dirje wurin har sai da na yi ƙara. Haka suke yi a garinsu tun kafin ta taho Hajji a ƙafa, don kada lambar ta tashi.

"Inna, hukuma ce fa ta ce a yi," in ji Baba, murya ƙasa-ƙasa.

"Hukumar ce ta haifa maka ita? Yarinya da lafiyarta a zuba mata ciwo a jiki? Halas, shi ke nan, sun yi nasu, na yi nawa."

Baba ya ja bakinsa ya yi shiru. Mutumin da yake wuni yana ɗaga buhunan shinkafa a tashar jirgin ruwa ya kasa ɗaga murya a gaban uwarsa. Shirun nan nasa ya fi lemon yi min zafi, kuma har yau ban huce ba.

Lamba ba ta tashi ba. Ranar ɗaukar ɗalibai, abla, malamar da ke duba mu, ta naɗe hannun rigata ta ga fata sumul.

"Mafi lamba, mafi madrasa," in ji ta, wato ba lamba, ba makaranta. " Yalla, a je a sake mata."

Kaka ta rantse ba mai sake taɓa ni. Ƙawayena suka shiga aji, ni na koma wanke-wanke.

Bayan aikin Hajji agana ta shigo layinmu. Masu lamba suna wasansu a waje, ni ina kwance a tabarma, ƙuraje har cikin baki. Kaka ce ta yi jinyata, tana fifita tana kuka tana cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ba ta yanka lemo. Na ga wuƙar, na ga hannun da ya riƙe ta.

Na tashi, amma idona na hagu ya tafi. Da shekara ta zagayo Baba ya sake kai ni makarantar. Na fara naɗe hannun riga ke nan, abla ta dubi tabon agana a fuskata, ta kawar da kai.

"Bar shi, ya binti. Ke ba sai kin nuna ba. Shiga."