Marar Asalin da Ta Ciyar da Mu

Babanmu bai taɓa yarda hatsin gonarmu na Dakoro ba ne. Wai kakanmu ne ya zo da irin daga kwarin Maradi, zangarniya tsawon hannu, don haka namu ɗan asali ne, na maƙwabta kuwa tarkace. Kowace kaka sai ya zauna bakin rumbu yana zaɓen iri, fuska a murtuke kamar mai zaɓen suruki.

Abokiyar gabarsa ita ce shibra, wadda ke fitowa idan iska ta kwaso bununin hatsin daji ta zuba wa na gona. Ga ƙaramin kai, ga gashi, ga saurin nuna, kana taɓa ta ta zube. In ya gan ta sai ya tumɓuke yana zagi: "Marar asali! Wa ya gayyace ki?" Innarmu kuwa, ɗiyar makiyaya, takan bar ta a gefen gona ta ce ba ta gani ba.

Iska dai ba ta san kakanmu ba. Ruwan Dakoro kuma ba ya jiran mai nawa. Hatsin da ya nuna da wuri shi ke shiga rumbu, shi ke zama iri. Zangarniyarmu ta yi ta gajarta, Baba yana cewa hannun yaran zamani ne ya ƙara tsawo.

Da abin ya ishe shi, ya hau mota ya yi kudu, ya samo iri na ainihi, ya cika gona da shi. Kai, ya yi kyau! Kara ya ɗara raƙumi. Masu wucewa na tsayawa kallo, Baba na gyaran murya. Sai ruwa ya ɗauke. Kara ya tsaya ƙiƙam, kai babu ƙwaya ko ta rantsuwa. Har yau ina tuna rumbun nan wayam, ga ƙannena suna kukan yunwa.

Shibra ce ta nuna, da ɗan tsohon irinmu da Inna ta shuka a ɓoye can ƙarshen gona. Ta haɗa ta daka, ta dama hura ta ajiye wa Baba. Ya daɗe yana juya ludayi.

"Wace ce wannan?"

"Marar asalin ce, Malam."

Ya shanye tas. Bai ɗago kai ba ya ce, "Kin rage na iri?"

Da kaka ta zagayo, da kunnena na ji shi yana nuna wa maƙwabci guntuwar zangarniyar nan, yana cewa ita ce kakanmu ya zo da ita daga kwarin Maradi.