Tiren Gyaɗar Yaya Hamisu

Shekara biyar ke nan da rasuwar Yaya Hamisu, Allah Ya jiƙansa, shekara takwas kuma da ranar da ya soke sunana a gaban jama'a. Na yafe masa ranar jana'iza kamar kowa, mantawa ce ta gagara. Ɗan baffana ne, ma'aikacin lafiya a Batsari. Shi na fara gani yana tara mutanen ƙauye yana koya musu yadda za su zauna da samarin da 'yan bindiga suka sako, waɗanda jiki ya dawo gida amma hankali yana can daji.

Mu goma sha ɗaya ya ɗauka don ya koya mana aikin. Da ungozoma, da wani mai shayi daga Runka, da ni, mai aji biyu na sakandare da bakin da duk ƙauyenmu Karare ya sani. Ba allo, ba littafi. Buhun gyaɗar iri ya dire a gabanmu ya ce darasin ke nan. Wai yaronmu ba ya kallon babba ido da ido ya faɗi abin da ke cin sa. To ka zauna a gefensa, ku sa hannu a tire ɗaya kuna ɓara, kada ka tambaye shi komai, kada ka tashi sai tiren ya ƙare.

Ranar gwaji aka haɗa ni da wani saurayi da ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga. Na daure har rabin tire. Daga nan na ce masa ya zama namiji mana, ba a kansa aka fara ba, ya gode wa Allah da ya dawo da ƙafafunsa. Yaron ya zubar da gyaɗar hannunsa ya fita. Yaya ya zaro biro ya ja layi a kan sunana, kowa na kallo, ya ce, "Sada, kai wa'azi ka zo yi. Je ka gida." Mai shayin nan ya yi dariya. Har yau ban sake shan shayinsa ba.

Sallah biyu ban taka gidan Yaya ba.

Sai aka ɗauke Nura, ɗana na biyu, a gonarmu ta wajen Darini. Ya yi kwana arba'in da wani abu kafin ya dawo. Yana ci, yana salla, amma ba ya magana, kuma da ya ji ƙarar babur sai ya faɗa bayan rumbu. Na yi faɗa, na yi lallashi, na karɓo rubutu. Uwarsa ta ce a kira Yaya, na ce ba da yawuna ba. Wata rana da hantsi sai ga shi an sauke shi daga a-kori-kura, ciwon ajalinsa ya riga ya cinye shi, riƙe da ƙullin gyaɗa. Bai neme ni ba. Zaure ya shiga ya zauna gefen Nura.

Yanzu abin ya girma. Ana horar da matasa a Safana, da takardar shaida da riga mai tambari, kuma sai wanda ya gama sakandare ake ɗauka. Nura na cikinsu. Yana dawowa da tambayoyi a waya: kana samun barci, kana firgita, sau nawa a mako. Nakan karɓi wayar in yi ta juya ta. Me Yaya zai ce da ya ga wannan? Zai ji daɗi an rage cewa aljanu ne ko shaye-shaye? Ko ita ma wayar zai ja mata layi don ta cika tambaya? Na tambayi Nura ko yaran na amsawa. Ya ce wasu na amsawa, 'yan mata ma sun fi sakin jiki tunda yanzu akwai mata da yawa a aikin, abin da Yaya bai samu ba. Amma na lura ba ya fita ƙauye sai da gyaɗa a jakarsa, kuma na san ba a ajin Safana aka ba shi wannan ba.

Abu ɗaya nake so in sani, kuma mai amsar ya tafi: da ya bar ni na yi tire na biyu, da na iya?

A wancan lokacin da Nura ya dawo daga daji, kwana uku Yaya ya yi yana zuwa gidana. Ni ina bayan danga ina gyaran fartanyar da ba abin da ya same ta. Rana ta uku, wajen la'asar, na ji muryar ɗana. Ban ji abin da ya ce ba, har yau kuma ba wanda ya gaya mini. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in leƙa in sa baki. Na danne shi.

Da Yaya ya fito yana dafa bango, na tare shi a ƙofa. Ya tsaya yana kallona, kamar ni ma tire ya ajiye mini.

Na ce, "Yaya, kunyar da ka ba ni tana nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma gobe ka dawo. Kada ka ɗauko gyaɗarka, akwai tawa a rumbu. Ni ina bayan danga, ba za ka ji bakina ba."