Rabin Nonon Hussaina

Hussaina ta rugar bayan Kurgu tun tana ɗiya ƙarama take ɗaukar ƙwarya a ka. Kindirmonta har Lolo an san shi, matan Benin ma kan tsallako su saya. Shanu na mijinta ne, Yero, amma nono da ya sauka ƙwarya ya zama nata. Haka ta iske uwarta, kuma Yero bai taɓa leƙa ƙarƙashin faifai ba, don abin kunya ne ga namiji.

Sai ga wata ƙungiya da farar mota, wai sun zo daidaita mata da maza. Suka kafa firji mai sola, suka tara ruga a gindin tsamiya. Madam Adenike, ma'aikaciyarsu, ta yi bayani Ma'azu tafinta yana juyawa: daga yau nono na miji da mata ne, rabi da rabi, kuma a kai shi firji kullum da safe, can za a saye shi a biya wanda ya kawo.

Hussaina ta ɗaga ludayi. "Madam, to shanun hwa? Su ma rabi da rabi?"

"A'a Mama, wannan al'ada ce, ba ma taɓa al'ada."

"Nonon kuma mi ne ne, gwamnati ta haihe shi?"

Mata suka tuntsire da dariya, Ma'azu ya haɗiye rabin maganar. Aka tafa, aka ɗauki hoto, aka raba lemo mai ɗumi.

Firji yana bakin titi, nesa da ruga. Wa ke da babur? Yero. Mutumin da ko maburgi bai iya riƙewa ba ya wayi gari da jarka biyu, yana ɗanɗana nono yana yamutsa fuska kamar likita. Rabinsa ya tafi, rabinta ma ya hau babur ya bi shi, ya dawo a matsayin sabon takalmin roba a ƙafar maigida. Ranar kasuwa Hussaina ta zauna gida tana kallon ƙwaryarta a kife, ƙudaje ma sun daina gaishe ta.

Ta haƙura har damina ta kama. Wata safiya, kafin a fito tatsa, ta bi igiyar da ake ɗaure maruƙa ta kwance su duka. Suka ruga ga iyayensu suka shanye tas.

"Ke, mi kika yi haka?" in ji Yero.

"Su ma mata ne da maza, na daidaita su."

Kullum sai ta kwance. Firji ya bushe, ƙungiya ta ce matan ruga ba su waye ba, ta kwashe solarta. Nono ya dawo hannun Hussaina, sai dai masu sayenta na Lolo sun riga sun koma wa wata, dole ta faro daga bin gida-gida. Maruƙan nan kuwa suka yi ɓul-ɓul da nononta, Yero ya kai biyu kasuwar Bagudo. Ko rabin wutsiya ba wanda ya ce nata ne. Tir!