Ƙwai shida a gaban kaji huɗu

Ina da shekara goma sha biyar na fara jin sunanta na yanka, kuma cikin faɗa na ji shi. Mu Goggo muke ce mata, babana kuwa Yaya, don yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ran nan ya shigo muna cin abinci, bai ko cire takalmi a bakin ƙofa ba, ya ce, "Bang Malsun ta kashe mu!" Kakata ta ajiye tsinken cin abincinta ta dube shi. A gidanmu ƙane ba ya kama sunan yayarsa gatsal haka.

Shekara talatin da ɗaya Goggo ta yi tana aiki a gonar kajin Maigida Seok. Ta shiga ne bayan rasuwar mijinta, aka ba ta ɗaki biyu a gefen gonar, nan ta zauna har gashinta ya yi fari. Tsohuwar gona ce, da hannu ake kwashe ƙwai. Kaza ta sa ƙwai, ya gangaro ya tsaya a gaban kejinta, Goggo ta bi layi tana tsincewa. Kaji shida a keji ɗaya, ba mai iya buɗe fiffike, wuyansu duk ya kwaile saboda gogar waya. Ta taɓa ce min ba ta kallon idonsu, hannunta kawai take kallo. Babana kuma shi ke tuƙa motar ƙwan gonar, ita ta samo masa aikin.

Da aka yi dokar ƙara wa kowace kaza fili, Goggo ta yi murna kamar ita za a faɗaɗa wa ɗaki. Kejin da ke ɗaukar shida, huɗu ya kamata ya ɗauka. Maigida Seok ya canza lambar da ake bugawa a ɓawon ƙwai zuwa ta keji mai yalwa. Lambar kawai ya canza. Kajin suna nan shida-shida.

Sai aka sanar da shi cewa jami'ar gunduma za ta zo dubawa da ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar zafin Yuli. Da hantsi ya tara ma'aikata ya ce a cire kaji biyu daga kowane keji, a zuba su a akwatuna, a kai tsohuwar rumfar kwano ta bayan tudu har baƙuwa ta tafi.

Goggo ta ce, "Maigida, ba ruwa a rumfar nan."

Ya ce, "To ki kai musu shayi mana, uwar kaji. Awa huɗu ne fa."

"Awa huɗu a ƙarƙashin kwano? Kai ka shiga ka yi ɗaya mu gani."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Malsun, ɗakin da kike kwana na waye?"

Ta ɗauki akwati. Da hannunta ta kai su. Amma kaji da safe suke saka ƙwai, kafin a kwashe su sun riga sun yi. Kowa ya tsince ƙwan layinsa kamar yadda aka umarta. Goggo ta bar nata layin yadda yake.

Jami'ar ta zo da tef ɗin awo, ta auna keji, ta ƙirga kaji huɗu, ta rubuta. Da ta iso layin Goggo, Goggo ta tare ta da sunkuyawa ta ce, "'Yata, ke mai ilimi ce, ni ban yi makaranta ba. Kaza sau nawa take ƙwai a rana?"

"Sau ɗaya, Inna."

"To duba min waɗannan, ko namu ne masu hazaƙa."

Ƙwai shida a gaban kaji huɗu. Keji na gaba biyar, na gabansa shida, haka har ƙarshen layi. Jami'ar ta tambayi inda sauran suke, Goggo ta shige gaba ta kai ta bayan tudu. Da aka buɗe rumfar, na ƙasan akwatuna sun riga sun mutu, bakinsu a buɗe.

Abin da har yau yake ci min rai shi ne yadda aka raba hukunci. Maigida Seok ya sami takardar gargaɗi da wa'adin gyara, wa'adin ma an ƙara masa. Goggo kuwa kwana uku aka ba ta ta bar ɗaki. Dokar ta auna wa kaza fili, ba ta ce komai ba game da matar da ta sa aka bi ta. Babana bai rasa aikinsa ba, amma ya je ya sunkuya a gaban Maigida Seok ya ba da haƙuri a madadin gidanmu. Haƙurin me? A bikin girbi na Chuseok na shekarar, Kawu, ƙanen babana, ya ce da ita a gaban kowa, "Yaya, kin sayar da rufin kanki saboda kaji. Sun zo sun gode miki?" Ta ce, "Suna hanya, a keji suke." Ni kaɗai na yi dariya, aka harare ni.

Yanzu tana ɗaki ɗaya a saman wani shagon wanki a cikin gari, tana ɓare tafarnuwa wa gidan abinci. Ba taga mai kallon tudu, ba inda za ta shuka ko barkono. Nakan kai mata shinkafa duk Asabar. Ba ta taɓa cewa ta yi nadama ba, ba ta kuma taɓa cewa ba ta yi ba.

Abu ɗaya ta taɓa roƙona. Ta ce a bayan tsohon ɗakinta akwai tulu uku na daddawar waken soya, ƙaramin na uwar mijinta ne, ya girme ni nesa. Motar kaya ba ta ɗauke su ba ranar tashi. Ta ce, "Ni ba zan sake taka ƙofar nan ba. Babanki kuma kullum yana cikin gonar, amma ba zan tambaye shi ba. Ke ki je, Eunbi. In sun hana ki manyan, ki ɗauko min ƙaramin. Ki riƙe murfin da kyau, ya tsage a gefe."