Kamu Ɗaya Daga Likkafanin Kaka

Jiya jikata ta buɗe kwalbar man kaɗe a ɗakina, ta yatsine fuska ta ce wari yake yi. Ban yi mata musu ba. Sai dai warin ya ɗauke ni ya dire a tsakar gidanmu, a wani ƙauye bayan Dawakin Tofa, inda gonar kowa ke ƙarewa a jikin dangar maƙwabcinsa.

Shekarun wahala ne. Damina biyu ta yi mana rowa, sabulun wanka kuma ya zama abin da ake jin labarinsa. Sai sabulun soda da matan gari ke dafawa, mai cin hannu, wanda aka yi don wanki. Ina aji shida a lokacin. Malamin kiwon lafiya ya zana mana ƙwayoyin cuta a allo, har da ƙafafu da gashin baki, ya ce sabulu ne ajalinsu. Bai faɗi wane sabulu ba, bai kuma faɗi inda ake tsayawa ba. Ni kuwa ɗaliba ce mai biyayya.

Da bazara ta kankama, gumi da kamfan leda na gwanjo suka sa na fara jin ƙaiƙayi a wurin da 'ya mace ba ta ambata. Na ce ƙwayoyin allo ne suka iso. Na riƙa shiga makewayi da soso da sabulun soda, sau uku a rana, ina dirza kamar mai wanke ƙwarya. Cikin kwana uku fata ta saɓule. Fitsari ya zama azaba, tafiya ta koma ta agwagwa. Ga shi saura mako guda jarrabawar shiga sakandare, can cikin gari, da ƙafa za a je. Wadda ta rasa ta sai baɗi, kuma a irin wannan yunwa babu mai yi wa yarinya alkawarin baɗi.

Ban faɗa wa Inna ba. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta kira. Kaka ce, mahaifiyar Baba, ta gano. Tana kaɗi a gindin bango da hantsi, ta bi ni da ido.

"Ke 'yar boko, wace irin tafiya ce wannan? Ko ita ma a littafi take?"

"Ƙaya na taka, Kaka."

"Lalle ƙayar ta yi nisan hawa. Shigo."

Ta saki asabari. Na faɗa mata komai ina kallon daɓe. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi salatin da zai tara gida ba.

"Wurin nan ba gindin tukunya ba ne," in ji ta. "Kamar ido yake. Kin taɓa sa wa idonki soda?"

Ta kafa doka. Ruwan ɗumi zalla a buta, daga gaba zuwa baya. A dangwala da tsumma mai tsabta, ba a gogawa. Man kaɗe ɗan kaɗan, daga waje kawai. In kwana uku suka wuce babu sauƙi, ita da kanta za ta kai ni asibitin sha-ka-tafi. Kamfan kuwa ta ɗaga shi da tsinke, ta ce ko goro aka ƙunsa a ciki sai ya ruɓe. Auduga ake so.

To, rabon gidan da sabon yadi tun kafin fari. Sai Kaka ta jawo adakarta, ta fito da farin alawayyon da ta daɗe tana ajiya. Inna ta shigo da kunu, ta tsaya cak.

"Iya, likkafaninki ne fa."

"Gawa ba ta jin ƙaiƙayi."

Ta auna kamu ɗaya ta yaga. Har yau ina jin ƙarar. Kafin la'asar ta ɗinka min kamfai guda biyu, ta ce in ɗauraye sosai in shanya a rana, ba a bayan gado ba kamar kayan sata.

Ranar jarrabawa na taka da ƙafata, na zauna a benci har aka ce a ajiye alƙalami. Na kuma ci.

Ina shekara ta huɗu da fara koyarwa Kaka ta rasu. Mai wanka ta warware yadin ta ce bai cika ba, wa ya taɓa shi? Inna ta dube ni, karo na farko a gaban mutane. Ni na kawo cikon.

Yanzu kantuna cike suke da kwalabe masu ƙamshi da ke alkawarin tsabtar da Kaka ta samo a buta, kuma 'yan mata na ta maimaita kuskurena, sai dai nasu yana ƙamshi. Jikar tawa tana rufe kwalbar na lura da yadda take gyara zama. Na ce ta tura ƙofa, ta zo ta zauna kusa da ni.