Abin da Yaya Dije Ba Ta Je Ta Gani Ba

Shekara ashirin da tara ke nan da rasuwar yayata Dije. A unguwar Briqueterie ta rayu, a nan ta rasu, a shekarun matsin nan da muke kira lakiriz, lokacin da aka rage albashin ma'aikata kuma darajar kuɗinmu na sefa ta faɗi. Ɗinki take yi a zauren gidanmu. Matan ma'aikatan da ke kawo mata atamfa daga unguwar Messa suka koma kawo tsofaffin riguna a rage musu ko a yi faci. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Cewa take yi allura ba ta san sabo da tsoho ba.

Tana da 'ya'ya mata uku sa'ad da ta samu ciki na huɗu. Ni ce ƙanwarta, ni nake raka ta awo. Wata rana ungozomar asibiti ta daɗe tana lalubar cikin, ta tambaye ta game da ɗan jinin da ta gani kwanakin baya, sannan ta ce da Faransanci a je a yi eko, wato hoton ciki. Ba ta yi dogon bayani ba, layi ya yi tsawo a bayanmu. Mu ma ba mu tambaya ba.

A lokacin na'urar eko sabuwa ce a wurinmu, a manyan asibitoci kaɗai ake samunta. Abu ɗaya unguwa ta sani game da ita: tana faɗin mace ce ko namiji. Haka labarin ya shigo, haka ya zauna a bakin mata a gidajen suna. Duk wadda aka ji ta je, sai a ce ta ƙosa, ta je leƙen abin da Allah ya ɓoye.

A hanyar gida na ce, "Yaya, yaushe za mu je?"

Ta ce, "Mu je ina? Ni mai mata uku in tafi eko? Kafin in sauko daga tasi an gama cewa Dije ta gaji da 'ya'yanta."

Na ce ai ungozoma ce ta ce.

"Ungozomar ce za ta zauna da matan unguwa a gidan biki? Ke Binta, in mace ce ina so, in namiji ne ina so. Ranar suna kowa ya ji."

Mijinta, Malam Sani, mai sayar da kilishi, ya ce ko a cikin wannan matsin zai san yadda zai yi in tana so. Ta ce ba ta so. Ba ta son babbar 'yarta ta ji a bakin wani cewa uwarta na neman namiji ido rufe. Iyakar dalilinta ke nan, kuma a lokacin duk mun ga dalili ne mai kyau.

Da cikin ya kusa isa, wata ranar Laraba da hantsi tana kan keken ɗinki, jini ya ɓalle. Aka kai ta asibiti, aka yi mata aiki, aka ciro yarinya da rai. Ita ba ta kai la'asar ba. Daga baya likita ya gaya wa Malam Sani cewa mabiyiya ce ta kwanta a ƙasa ta tare hanyar da ɗa ke bi. Ya ce irin abin da eko ke nunawa ne tun da sauran lokaci. Ranar ce muka fara jin cewa na'urar tana da wani aiki.

Ba na cewa da ta je da tana nan. Kwana na hannun Allah, kuma jini da magani sun yi wuya a asibitocin wancan zamani. Abin da nake cewa kawai shi ne ba mu san me muka ƙi ba.

Yarinyar aka sa mata sunan uwarta, muna kiranta Ummi. Ni na raine ta. Yanzu eko ta zama kamar awon nauyi. Ƙananan asibitoci na da ita, har a unguwar Elig-Edzoa. Ana ganin bugun zuciyar ɗa tun yana ɗan mitsitsi, ana jin sa da kunne, ana auna ruwan da yake ciki. 'Yan matan layinmu suna tura hoton a waya, wasu har ɗinkin jariri suke zaɓa da shi. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce. Ina jin za ta taɓe baki a kan masu turawa a waya. Amma mace ce mai son a nuna mata abu ta gani da idonta, kamar yadda take juya riga ta duba bayan ɗinki kafin ta yaba.

Bana Ummi ta samu cikin fari bayan jira mai tsawo. Da kunya ta faɗa mini, tana kallon ƙasa. Da aka ce ta yi eko, ta ce, "Inna, ke za ki raka ni." Muka je wani asibiti kusa da Cité Verte.

Likitar, matashiya ce, ta shafa mata wani abu mai sanyi a ciki, ta ɗora na'urar, ta yi murmushi ta ce ko muna so mu san mace ce ko namiji.

Ummi ta ce, "A'a, madam, wannan a bar shi sai ranar suna. Mabiyiya nake so ki nuna wa Innata."

Likitar ta kewaya da yatsa a jikin allon, can sama. Ta ce ga ta nan, ta yi nesa da hanya. Na matsa kusa na duba. Wani ɗan toka-toka ne kawai, da ba a nuna mini ba ba zan ce wani abu ne ba. Na daɗe ina kallonsa har Ummi ta taɓa hannuna.

Keken Yaya na nan a zaure, har yanzu da shi nake aiki. 'Ya'yanta huɗu duk suna raye, ba wadda ta taɓa shakkar ko an so ta. Wannan ta bar mana, kuma ta biya shi da tsada. Ummi ta riƙe maganar uwar da ba ta taɓa gani ba, ta kuma yi tambayar da mu ba mu san ana yi ba. Allah Ya ji ƙan Dije, Ya sauki Ummi lafiya. Na riga na yanka kayan jaririn, farare, masu shiga kowa.